Baƙin Ƙarfe a Tukunyar Sasol: Yadda Afirka ta Kudu Ta Mai da Kwal Fetur

Afirka ta Kudu tana da zinariya da daimon da kwal kamar ba za su ƙare ba, amma ba ta da rijiyoyin ɗanyen mai na a zo a gani. Duk da haka wani kaso mai tsoka na fetur da dizal ɗin da motocin ƙasar suke sha a cikin gida ake yin sa, a garin Secunda da ke lardin Mpumalanga. A nan kamfanin Sasol yake cinye kwal wajen tan miliyan 40 a shekara idan aiki na tafiya sosai, ya fitar da abin da ya kai ganga dubu 150 zuwa 160 na mai da sauran sinadarai a kullum. Ginshiƙin wannan aiki kuwa wani baƙin gari ne da ake yi da baƙin ƙarfe, wanda ba ya daɗewa yana aiki kafin ya lalace a zubar da shi.

Da farko ana ƙona kwal ƙonawar da ba ta cika ba, da tururi da iskar oksijin, sai ya koma iska mai ɗauke da kabon monoksaid da haidurojin. Kabon monoksaid ita ce iskar nan da ke halaka masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Idan aka bar waɗannan iska biyu a wuri ɗaya, ko shekara za su yi ba abin da zai faru. Amma idan suka bi ta kan wani ƙarfe mai zafi a ƙarƙashin matsi, kabon monoksaid takan manne a jikin ƙarfen ta rabu biyu. Oksijin ɗin ya tafi da haidurojin ya zama ruwa, kabon ɗin kuma ya riƙa ƙulluwa da 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, sarƙa tana tsawo. Gajeriyar sarƙa iskar gas ce, matsakaiciya fetur, ta gaba dizal, doguwa kuma kaki irin na kyandir. Ƙarfen da ake yin wannan ɗaurin aure a kansa shi ake kira katalis.

Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, su suka gano hanyar a cibiyar binciken kwal ta Mülheim a shekarun 1920, shi ya sa take ɗauke da sunansu. Da guntayen baƙin ƙarfe da aka jiƙa da sinadarin alkali suka fara gwaji a 1923. Amma da aka zo gina masana'antu, daga 1936 har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wani ƙarfe mai suna kobalt aka zuba a tukwanen Jamus, domin a matsin da suke aiki da shi baƙin ƙarfe ba ya jimawa. Sai daga baya masu bincike a can suka tabbatar cewa idan aka ɗaga matsin, baƙin ƙarfe yana yin aiki sosai. Amurkawa sun gwada a Brownsville ta jihar Texas da iskar gas a farkon shekarun 1950, masana'antar ta yi ta ba su wahala, suka rufe ta a 1957. Arhar man Gabas ta Tsakiya ta sa kowa ya watsar da zancen, in ban da ƙasa guda.

Tukwane iri biyu a Sasolburg

Gwamnatin Afirka ta Kudu ta kafa Sasol a 1950, shekara biyu bayan jam'iyyar da ta shimfiɗa mulkin wariyar launin fata ta hau mulki. Aka gina sabon gari, Sasolburg, a kan filin kwal kusa da kogin Vaal, masana'antar ta fara aiki a 1955. Shugabannin kamfanin, ƙarƙashin Etienne Rousseau, ba su yarda su dogara da fasaha guda ba. Suka sayo ɗaya daga Jamus, ɗaya daga Amurka. Duka biyun da baƙin ƙarfe suke aiki, amma in ka ga yadda ake haɗa katalis ɗin kowace sai ka rantse ba abu ɗaya ba ne.

Ta Jamus, wadda kamfanonin Ruhrchemie da Lurgi suka ƙera, sunanta Arge. Tukwane biyar ne, kowace da bututu 2,052 a cikinta, faɗin kowane bututu santimita 5, tsawonsa mita 12. Ana cika bututan da ƙwayoyin katalis, iska tana bi ta ciki daga sama zuwa ƙasa, ruwa kuma yana tafasa a kewayensu yana kwashe zafi. Zafin aiki digiri 220 zuwa 250 a ma'aunin Selshiyas. Katalis ɗinta aikin ɗakin gwaji ne: a narkar da ƙarfe a cikin asid, a haɗa da jan ƙarfe, a zuba ruwan soda har ƙarfen ya kwanta kamar laka, a wanke, a ƙara silika da fotasiyam, a busar. A kan kowane kashi 100 na baƙin ƙarfe akan sa wajen kashi 25 na silika, 5 na jan ƙarfe, 5 na fotasiyam. Silika tana hana ƙananan ƙwayoyin ƙarfen dunƙulewa, jan ƙarfe kuma yana sauƙaƙa cire oksijin daga jikin ƙarfen kafin a fara aiki. Abin da Arge take bayarwa galibi kaki ne da dizal.

Ta Amurka, ta kamfanin Kellogg, fetur aka nufa da ita, kuma tana aiki a wajen digiri 340. Katalis ɗinta bai da wannan ƙyale-ƙyalen. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga baƙin ɓawon da ke zubowa daga ƙarfen da ya yi ja idan maƙeri yana dukansa. To irin wannan ɓawon ne, wanda masana'antun mulmula ƙarfe suke tarawa tuli-tuli, ake kwasowa a narkar a tanderun lantarki, a barbaɗa ɗan fotasiyam da wasu sinadaran ƙarfafa jiki, ya daskare, a niƙe shi ya zama gari, sannan a bi shi da haidurojin mai zafi. Garin ba ya zama wuri ɗaya. Iska ce take ɗaukarsa ta haura da shi cikin tukunya mai tsawon mita 46, a sama a raba shi da iskar, ya gangaro ta wani dogon bututu ya koma ƙasa, a sake ɗaukarsa.

Duk wannan wahala saboda zafi ake yin ta. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da ke cikin iskar yana fita ne a matsayin zafi yayin haɗuwar, kuma in ba a kwashe shi nan take ba, katalis ya ɗau zafi fiye da kima, sarƙa ta daina tsawo, sai a tashi da iskar metan maimakon mai.

Arge ta kama aiki ba tare da wani dogon turanci ba. Ta Kellogg ce ta zame musu ƙarfen ƙafa. An ɗauko tsarinta ne daga ƙaramar tukunyar gwaji mai faɗin santimita 10 aka faɗaɗa ta zuwa mita 2.3 a tsalle ɗaya, kuma abin da ya yi kyau a ƙarama ya ƙi yi a babba. Gari ya riƙa toshe na'urorin sanyayawa, yana cin jikin bututu, yana ƙin gangarowa. A ƙarshe injiniyoyin Sasol suka karɓi abin a hannunsu, suka yi shekaru suna gyara tukunyar da katalis ɗin tare, har ta zama tasu, suna kiranta Synthol.

Abin da ke faruwa da ƙarfen a ciki

Nan ne zancen yake da daɗi, domin ƙarfen da aka zuba a tukunya ba shi ne yake yin aikin ba. Da zarar kabon monoksaid ta taɓa shi, kabon yakan kutsa cikin jikin ƙarfen ya mai da shi kabaid, wato gamin ƙarfe da kabon. Wanda aka fi samu shi ne mai ƙwayar ƙarfe 5 da kabon 2, da ake kira kabaid na Hägg, sunan masanin Suwidin da ya fayyace shi. Yawancin masu bincike sun tafi a kan cewa a kan wannan kabaid ɗin ne sarƙar take ƙulluwa. A lokaci guda kuma ruwan da aikin yake haifarwa yana juyowa kan ƙarfen yana mai da wani sashe nasa magnetait, wato dai baƙar tsatsar da aka faro da ita. Don haka ƙwayar katalis mai aiki cakuɗe ce ta kabaid da tsatsa da kabon, kuma rabon kowanne yana sauyawa daga ƙasan tukunya zuwa samanta, daga makon farko zuwa na shida. An yi shekaru da dama ana jayayya a kan wane ɓangare ne yake yin wane aiki, saboda da ka fito da shi ya shaƙi iskar waje ya riga ya canja.

Tsatsar ma ba zaman banza take yi ba. Ita ake dangantawa da wani aiki na biyu da kobalt ba ya iyawa: haɗa kabon monoksaid da ruwa su ba da kabon dayoksaid da haidurojin. Wannan babban abu ne ga mai aiki da kwal. Sarƙar mai tana bukatar haidurojin biyu ga kowace kabon monoksaid ɗaya, kwal kuwa matalauci ne ta fuskar haidurojin. Baƙin ƙarfe yana cike giɓin da kansa a cikin tukunya. A zafin Synthol kuma aikin yana tafiya gaba da baya cikin sauri, ta yadda idan haidurojin ya wadata har kabon dayoksaid ɗin da ya shigo da iskar ana iya juya shi ya shiga sarƙa.

Sai fotasiyam, wanda ɗan kaɗan ake sawa amma shi ke riƙe da linzami. Yana sa ƙarfen ya ƙara riƙe kabon monoksaid ya sassauta wa haidurojin. Sakamakon haka metan ya ragu, sarƙa ta ƙara tsawo, kuma a sami olefin da yawa, wato sarƙoƙin da ba su ƙoshi da haidurojin ba, waɗanda masu yin roba da leda suke nema ruwa a jallo. In ya yi kaɗan, a yi asarar iska a metan. In ya yi yawa, matsala biyu ta taso. Ta farko, kaki ya fara fitowa, kuma a tukunyar da gari yake shawagi a iska, ɗan danshin kaki ya isa ya manne ƙwayoyin su dunƙule, tukunya ta tsaya cik. Ta biyu, kabon ya ƙara taruwa.

Taruwar kabon ita ce ajalin katalis ɗin Synthol. Sama da digiri 300, kabon monoksaid biyu sukan haɗu su bar kabon tsantsa a cikin ƙwayar ƙarfen. Ƙwayar ta kumbura, ta yi sakayau, ta farfashe. A tsohuwar Synthol wannan ba ƙaramar barazana ba ce, domin nauyin garin da ke tsaye a bututun gangarowa shi ne yake hana iska bin hanyar da ba tata ba. Da garin ya yi rashin nauyi, sai ma'aunin ya karkace. Shi ya sa a da, bayan kwana arba'in da 'yan kai, dole a tsayar da tukunya a kwashe a zuba sabo. Daga baya suka koyi cire tsoho kaɗan-kaɗan suna ƙara sabo tukunya na kan aiki.

Wanda ya ji wannan jerin aibobi zai ce me ya hana su komawa kobalt? Mark Dry, wanda ya daɗe yana jagorantar binciken katalis a Sasol kafin ya koma Jami'ar Cape Town, ya taɓa kwatanta farashin: in tarkacen baƙin ƙarfe yana 1, nikel yana wajen 250, kobalt 1,000, ruteniyam 50,000. Ga kuma farar wuta. Kwal ba ya rabuwa da ita, kuma guba ce ga baƙin ƙarfe da kobalt duka, in ta manne ba ta sakin wurin. Sasol tana wanke iskarta da metanol mai tsananin sanyi, tsarin da ake kira Rectisol, amma na'ura ba ta rasa ranar tuntuɓe. Ranar da farar wuta ta kuɓuce, gara ta sami katalis ɗin da dama an kusa zubarwa da ta sami wanda aka kashe dukiya a kansa ana sa ran zai yi shekaru. Bayan haka kobalt ba ya jure zafin digiri 340, metan kawai zai riƙa yi. A ganina hikimar Sasol ba ta wuce wannan ba: ba su ɓata lokaci wajen neman ƙarfen da ba ya mutuwa ba, sun karɓi mai arha da halinsa, suka riƙa sake ƙirar tukunya don ta zauna da shi lafiya.

Secunda

Lissafin kasuwa kaɗai da bai gina Secunda ba. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, ƙasashen Larabawa kuma suka sa wa Afirka ta Kudu takunkumin mai. A 1974 aka yanke shawarar gina masana'anta ta biyu a Secunda, wato Sasol ta Biyu. Iran ta zamanin Shah ce ta ci gaba da ba ƙasar mafi yawan ɗanyen manta, sai juyin juya halin 1979 ya toshe wannan ƙofa, nan da nan aka ce a gina Sasol ta Uku, kwafin ta biyu, a gefenta. A shekarar ce kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a Nijeriya, tana zarginsa da hannu a kai wa gwamnatin wariya mai. Ta biyu ta fara aiki a 1980, ta uku a 1982. Masu yaƙi da wariya sun san abin da masana'antun suke nufi ga gwamnati: a farkon Yunin 1980 mayaƙan Umkhonto we Sizwe, reshen soja na ANC, suka dasa bama-bamai a tankunan mai na Sasolburg, wuta ta yi kwanaki tana ci.

Tukwanen Synthol 16 aka kafa a Secunda, kowace ta ninka na Sasolburg. Amma tsarin yana da ɓarna a cikinsa. A kowane lokaci wani babban kaso na garin katalis yana cikin bututun gangarowa ne, ba ya aikin komai, ga ƙarfin da ake kashewa wajen ɗaga dubban tan na ƙarfe sama, ga cin jikin na'ura. Sai suka koma ga dabarar da ta kunyata Amurkawa a Brownsville: a bar garin a tukunya ɗaya mai faɗi, iska tana shigowa ta ƙasa ta cikin faranti mai huda-huda tana motsa shi, bututan sanyayawa suna nutse a cikinsa. Bayan gwaji a Sasolburg daga 1989, tsakanin 1995 da 1999 aka maye gurbin tukwane 16 da guda 8 na sabon tsari mai suna SAS. Huɗu masu faɗin mita 8, kowace ganga 11,000 a rana, huɗu masu faɗin mita 10.7, kowace ganga 20,000. A nan dukkan katalis yana cikin aiki, kuma kumburin da kabon yake jawowa bai zama abin tsoro kamar da ba, tunda babu bututun da ake dogara da nauyinsa. Yawan katalis ɗin da ake ci ya ragu ƙwarai.

Wani abu da babu katalis ɗin da ya tsallake shi shi ne cewa sarƙa ba ta jin umarni. A kowane mataki, ko ta ƙaru ko ta yanke, kuma daga wannan caca ake samun kowane irin tsawo a gauraye. Komai ƙwarewarka, abin da zai faɗo a sahun fetur kai tsaye bai kai rabi ba. Fetur ɗin ma miƙaƙƙiyar sarƙa ce mai ƙarancin oktan, wato ma'aunin ingancin fetur a inji, sai matata ta sake sarrafa shi. Abin da ya fara kamar ragowa shi ya zama riba: etilin da furofilin na yin roba, barasar masana'antu da asiton da ake tacewa daga ruwan da ke fitowa, da kuma heksin da oktin, waɗanda Sasol ta fara warewa a shekarun 1990 tana sayar wa masu yin leda a duniya. Waɗannan kyautar baƙin ƙarfe da fotasiyam ce. Kobalt ba ya ba da su da yawa haka.

A ɓangaren kaki ma an sami sauyi. Cike bututu 2,052 da kwashe su aiki ne mai cin rai, kuma ƙwayoyin suna farfashewa su toshe hanya. A 1993 Sasol ta kunna wata tukunya mai faɗin mita 5 inda garin katalis yake iyo a cikin narkakken kaki, iska tana ɓulɓulowa ta ciki. Ita kaɗai tana ba da ganga 2,500 a rana, daidai da Arge biyar ɗin farko a haɗe. Abin da ya hana wasu cin nasara a wannan tsari tun gwajin Jamusawa na shekarun 1950 shi ne raba lallausan garin ƙarfe da kaki, kuma sirrin yadda Sasol ta yi nata yana cikin abin da take sayarwa. Aibinsa ɗaya: a Arge farar wuta saman bututu kawai take kashewa, na ƙasa ya tsira, a nan kuwa duk garin take shafa.

Inda baƙin ƙarfe ya ja baya, da inda bai ja ba

Da Sasol ta fita waje neman iskar gas, ba ta tafi da baƙin ƙarfe ba. Masana'antar Oryx ta Katar, da ta fara fitar da kaya a 2007, da ta Escravos a jihar Delta, wadda Chevron da NNPC suka gina da fasahar Sasol ta fara aiki a 2014 bayan jinkiri da kashe kuɗi wajen dala biliyan 10, duka kobalt suke amfani da shi. Dalilin a fili yake. Iskar gas tana da wadatar haidurojin, tana da sauƙin tsarkakewa, kuma ruwan da ke rage wa baƙin ƙarfe kuzari bai dami kobalt haka ba. Amma inda kwal yake, ƙarfen yana nan daram. Sin ta gina manyan masana'antu a kansa, mafi girma ita ce ta Ningxia mai tan miliyan 4 a shekara, da aka kunna a ƙarshen 2016, da katalis ɗin baƙin ƙarfe da masanan ƙasar suka haɗa da kansu.

Matsalar Secunda a yau ba a cikin tukunya take ba. Ana yawan ambatonta a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya fitar da iskar da ke ɗumama yanayi, sama da tan miliyan 50 a shekara. Mazauna eMbalenhle da sauran garuruwan yankin suna shaƙar hayaƙinta tare da na tashoshin lantarkin Eskom, kuma a 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatar iskar yankin ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba jama'a. Ba adalci ba ne a ɗora wa katalis wannan laifi. Yawancin hayaƙin yana fitowa ne tun kafin iska ta isa gare shi, wajen mai da kwal iska, da wajen ƙona wani kwal ɗin don samun tururi da lantarki da oksijin. Tushen abin shi ne ƙarancin haidurojin a kwal: don a sami wanda zai isa, dole a sadaukar da kabon mai yawa, ya tashi sama. Shi ya sa mafi yawan kabon ɗin da ya shiga masana'antar ba ya ƙarewa a cikin mai. Sasolburg ta rage nata tun 2004, da aka jawo mata iskar gas daga Mozambik ta bututu mai tsawon kilomita 865, sai dai rijiyoyin can ma sun fara ja da baya.

A 2021 Sasol da Jami'ar Cape Town suka sanar da cewa katalis ɗin baƙin ƙarfe na kamfanin yana iya cin kabon dayoksaid kai tsaye tare da haidurojin ya ba da man jirgin sama da sinadarai, ta hanyar wannan aiki na biyu da yake yi, a juye. Ta fuskar kimiyya babu abin mamaki a ciki, tukwanen Secunda sun daɗe suna yin kaɗan daga haka. Cikas ɗin yana wajen haidurojin: kabon dayoksaid yana bukatar uku inda kabon monoksaid take bukatar biyu, kuma in ana so ya zama mai tsabta sai an fasa ruwa da lantarkin rana ko na iska, a ƙasar da ta yi shekaru tana fama da ɗauke wuta.